Dusar Indiya Da Gargaɗin Da Ba A Fassara Mana Ba

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Wannan magana ta dace da garin siliyam, wanda a yau ake tallata wa masu fama da taurin bayan gida, akasari da sunan "maganin basir" ko "wankin ciki". Ba na jayayya da amfaninsa. Damuwata ita ce maganin kan iso hannun manomin Tsiga, amma gargaɗin da ke jikin kwalinsa ya tsaya cikin Turanci.

Da farko, mene ne siliyam? Ɓawon irin wani tsiro ne da aka fi nomawa a jihohin Gujarat da Rajastan na ƙasar Indiya, inda ake kiransa isabgol, kuma shi ne ke cikin Fybogel da Metamucil. A taƙaice dai dusa ce. Idan ya haɗu da ruwa sai ya kumbura ya yi yauƙi kamar miyar kuka, ya tausasa bayan gida cikin awa 12 zuwa kwana 3. A shekarar 1998 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta cewa giram 7 na harzarsa a kullum na iya rage haɗarin ciwon zuciya.

Sai dai wannan kumburin da ke sa shi aiki shi ne kuma haɗarinsa. Ƙa'ida ita ce a dama shi cikin ruwa aƙalla mililita 240, wato kusan rabin ledar ruwa, a sha nan take, a ƙara ruwa a kai. Wanda ya afa shi a bushe kamar garin magani na gargajiya, zai iya kumbura masa a maƙogwaro ko ya toshe hanji. Ba a shansa dab da kwanciya barci, kuma mai wahalar haɗiya ya nisance shi. Ana farawa da kaɗan saboda kumburin ciki, a kuma raba shi da sauran magunguna da kimanin awa 2, domin yana rage shigarsu jiki. Mai ciwon sukari ya fara tuntuɓar likita. Mai yini a gona cikin rana, ko mai azumi, ya fi kowa buƙatar jin wannan.

Matsala ta biyu ta harshe ce. Kalmar basir a bakin Bahaushe ta zama buhu, ana zuba mata taurin ciki, da tsiro, da zubar jini, har da raunin mazakuta. To amma jini a bayan gida, ko rama, ko sauyin bahaya na makonni, na iya zama alamar ciwon dajin hanji. Mai irin wannan ba gari yake buƙata ba, Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ya kamata ya nufa, in ta kama a tura shi Shika.

Abin takaici kuma, mu da ke noma dawa da masara da wake daga Bakori har Ƙafur, mu ne ke surfe hatsi mu zuba wa awaki dusar, sannan mu sayi dusar Indiya da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2023 cewa baligi ya samu aƙalla giram 25 na harza a kullum daga abinci. Wake, da kuɓewa, da zogale, da tuwon da ba a yi wa surfe mai tsanani ba, duk suna taimakawa.

Don haka ina kira ga hukumar NAFDAC da ta wajabta rubuta gargaɗin irin waɗannan magunguna da Hausa, cikin boko da ajami. Masu kemis su ma kada su miƙa kwali sai sun yi bayanin ruwan. Mu kuma malaman harshe, aikinmu ne mu samar da kalmomin da za su bambance cuta da cuta. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.