Bututu ya kai teku, mu fa?

Masu saurare, tun 2011 matatar SORAZ ke aiki arewa da Damagaram, ƙarfinta ganga 20,000 a rana. A 2024 bututun Agadem ya fara kai ɗanyen manmu gaɓar Benin, an gina shi don ganga 90,000 a rana. Matatar kuwa tana nan yadda take.

Mu a Mallawa, ruwa-ruwan Najeriya ne ya daɗe yana rufa mana asiri. Da aka janye tallafi can a 2023, kowa ya juyo kan SORAZ, ta kasa wadatar da mu. Ƴan kabu-kabu ba su manta ƙarancin isansi na Maris 2025 ba.

Kafin a ƙara wani bututu, a faɗaɗa matata. Mai rijiya bai kamata ya kwana da ƙishirwa ba. Ku me kuka gani?