Ruwa kake saye da kuɗin magani



Ka taɓa ɗora alif a wuta? Sai ya yi kumfa, ya koma farin gari maras nauyi. Ruwan da ke ɗaure a jikinsa ne ya fita, kusan kashi 45 cikin 100 na nauyinsa, alhali a hannu busasshe ne ƙayau.

Haka sinadaran da muke zuba wa kaji da kifi suke. Shi ya sa ni ban yarda da awon cokali ba, balle wai "haka maƙwabcina yake yi". Kofa salfet, shuɗin nan da ake kashe gansakuka da shi a tafkin kifi, an rubuta 5H2O a buhunsa, tagullar cikinsa kashi 25 ce. Farin da aka ƙone ruwansa kuwa ya kusa 40. Ka auna fari da lissafin shuɗi, ka zarce ƙima nesa, kuma tarwaɗa ba ta jure tagulla. Da safe sai kwasar gawa.

A wajen haɗa abincin kaji ma haka ne. Sinadarin ƙarfe mai 7H2O kashi 20 ne, mai H2O ɗaya ya kai 30. Mai shago zai ce na farkon ya fi araha. To, arahar me, bayan kusan rabin buhun ruwa ne?

In ka shiga Zariya sayayya, juya buhun ka karanta. Wanda aka ƙulla a leda ba rubutu, wallahi bar masa kayansa.