Sandar sunuka: kai ka lalata, kai za ka biya

Ka lura kuɗin wasan sunuka a unguwa sai hawa yake? Ba man janareta kaɗai ba ne. Tun da aka saki naira kasuwa ta yanke mata daraja a watan Yunin 2023, kayan waje suka yi tsada, har da sanda da alli da ƙyallen tebur. Mai shago kuwa ba zai ɗauki asara shi kaɗai ba, kanka zai ɗora.

Mu ma da namu laifin. Mu ne ke jingine sanda a bango har ta lanƙwashe a hankali. Mu ne ke buga ta a ƙasa in ƙwallo ta ƙi faɗawa rami. Katako ne fa, zafin rana da laimar damina duk suna karkatar da shi.

Kulawar ba ta cin ko sisi. In ka gama, goge zufa da busasshen tsumma, ka mayar da ita mazauninta. Alli shafawa ake sama-sama, ba murzawa ba. In fatar bakin sanda ta cinye, gaya wa mai shago tun kafin ta zame ta yaga ƙyallen tebur. Wannan asarar ma a kuɗin wasanka za ta fito.