Wasiƙa ga likitocin da ke duba mata masu neman haihuwa

Roƙona gare ku guda ne: ku daina sallamar mace mai ƙiba da "je ki rage jiki tukuna" alhali ba a yi mata gwajin komai ba.

Ba na musun illar ƙiba. Kitse in ya yi yawa yana rikita sinadaran jiki, ƙwai ya ƙi fita a kan kari, maganin zaburar da ƙwai ya buƙaci ƙari, ɓari ma ya yawaita. Hukumar NICE ta Birtaniya ta fi son ma'aunin BMI ya kasance tsakanin 19 da 30 kafin a shiga IVF. Sai dai sanin cewa ƙiba na rage nasara bai nuna cewa jinkirta magani har a rame zai ƙara ta ba. An gwada wannan a Holan, sakamakon ya fito a 2016. Mata 577 aka raba gida biyu: wasu suka yi wata shida suna rage jiki kafin magani, sauran aka fara musu nan take. Cikin shekara biyu, kashi 27 cikin ɗari na masu jira ne suka haifi lafiyayyen jariri da cikakkun watanninsa ba tare da tiyata ba, waɗanda ba su jira ba kuwa kashi 35.

Za ku ce ba samun cikin kaɗai ake dubawa ba, akwai ciwon suga na goyon ciki, hawan jini, jijjiga da wahalar tiyata. Gaskiya ne, shi ya sa nake so a dubi shekaru tare da sikeli. 'Yar shekara 24 mai matsalar PCOS tana da sararin jira, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta kan dawo mata da al'ada daidai. Mai shekara 37 ba ta da wannan sarari, don ingancin ƙwai yana raguwa sosai bayan 35. Ita a haɗa mata gyaran abinci da tafiyar ƙafa tare da maganin.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙiba ido ke ganinta, sai ta ɗauke hankali daga abin da ba a gani. Kusan rabin matsalar rashin haihuwa akwai hannun namiji a ciki, toshewar bututun mahaifa sakamakon ciwon sanyi kuma ruwan dare ce a ƙasashenmu. Matar da aka kora kan ƙiba, ba a auna maniyyin maigida ba, ba a yi hoton bututunta ba, gida za ta koma ta ci gaba da shan gorin dangin miji, wannan karon har da shaidar likita. Ku fara da gwaje-gwajen nan biyu, sannan ku tambaye ta a asirce ko tana shan ƙwayoyin ƙara ƙiba.