ZAUREN 'YAN UWA MATA: Kafin Hajiya Ta Hau Jirgi



Yau kan iyayenmu maniyyata zan yi magana. Mu nan Haɗeja da Auyo da Guri, tsoho sai ya shekara goma yana tara kuɗin shinkafar fadama da kifi kafin ya biya kujera. To ranar da likita zai duba shi sai ya ɓoye hawan jininsa, wai kar a hana shi tafiya. Wata kuma ta ɓoye cikinta, alhali hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ta hana mai juna biyu tafiya. Wallahi ganganci ne.

Ku sani, iskar cikin jirgi ba irin ta ƙasa ba ce. Kamar an ɗora mutum ne kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, iskar numfashi ta ragu. Mai lafiya ba ya ji, amma mai ciwon zuciya ko asma ko sikila zai iya galabaita, ga shi babu asibiti a sama.

Sai kuma dogon zama. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa zaman awa huɗu ko fiye a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma tafiyar Jidda daga Dutse ko Kano ta kai haka. In gudan jinin ya ɓalle ya toshe huhu, sai dai wani ikon Allah. Kar ki ce na tsofaffi ne kawai: a 2000 wata 'yar Birtaniya mai shekara 28 ta yanke jiki ta faɗi a filin jirgin Landan bayan ta sauka daga Ostareliya, ta rasu.

Ke ce mai haɗa wa Inna kaya, don haka:

Maganinta ya zauna a jakar hannu, ba cikin babban akwati ba.

Ki rubuta ciwonta da sunan maganin a takarda ki ba abokiyar tafiyarta.

Ki ce mata ta sha ruwa, kar ta ƙi don tsoron banɗakin jirgi, ta riƙa miƙewa tana motsa ƙafa.

In ta ji ƙirjinta ya riƙe, ta kira ma'aikatan jirgi nan take, ban da kunya da alkunya.

Ajali na Allah ne, amma rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mana su lafiya, ya dawo da su lafiya, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.