Muryar da Ta Dushe Ba a Hannun Wanzami Maganinta Yake Ba

Idan muryar ladani ko ta malamin makarantar allo ta dushe a nan Lafiya, abin da aka saba shi ne a dafa masa citta da kanumfari a zuba zuma, in ta ƙi a ce beli ne a kira wanzami, in ta ci tura kuma a shiga raɗe-raɗin sammu. Alhali kuwa akwai wata larura, wato shanyewar jijiyar da ke motsa tantanin murya, wadda babu ɗaya cikin waɗannan da ke isa inda take.

Hukama sun san jijiyar nan tun zamanin Jalinusu, wanda ya nuna a ƙarni na 2 cewa da zarar an yanke ta kukan dabba yake ɗaukewa. Bisa hikimar Mahalicci, ba ta nufi maƙogwaro kai tsaye ba, sai da ta gangara ƙirji, ta hagun ma ta zagayo ƙarƙashin babbar hanyar jinin zuciya, sa'an nan ta hauro ta bayan inda maƙoƙo yake fitowa. Saboda nisan tafiyar nan, duk abin da ya tsare mata hanya yana iya raunana ta: tiyatar maƙoƙo, wadda tana cikin manyan sabubba, ko sankarar huhu, ko tarin fuka, ko rauni a wuya. Alamarta murya mai fita da iska, da gajiya wajen magana, da yawan ƙwarewa in ana shan ruwa.

Ra'ayina, wanda na tsaya a kai, shi ne muryar da ta kai mako 4 ba ta washe ba lalle likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa ta da na'ura, ko a babban asibiti a nan Lafiya, ko a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, domin wani lokaci dushewar manzo ce daga wata cuta da ke ɓoye a ƙirji.

In jijiyar ƙujewa ta yi ba tsinkewa ba, takan farfaɗo da izinin Allah cikin wata 6 zuwa shekara, shi ya sa likitoci kan fara da horar da murya, su jinkirta aiki na dindindin. In ba ta dawo ba, a yi allura ko tiyatar da ke matso da tantanin tsakiya. Amma wanda jijiyoyinsa na hagu da dama duka suka shanye, numfashinsa yana ƙara yana sarƙewa, a garzaya da shi asibiti nan take, don wani lokaci sai an buɗe masa kafar iska a wuya.