A zaɓi kwas na biyu tun ranar cike fom

Kowace shekara, idan jami'o'i suka fara fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, gidaje da yawa kan shiga damuwa iri ɗaya. Yarinya ta ci maki 250 cikin 400 a jarrabawar JAMB, an yi murna an yi barka, sai jerin sashen likitanci ya fito babu sunanta. Daga nan sai a hau guje-guje. Uba yana neman lambar wani malami a jami'a, yayanta ya garzaya cibiyar kwamfuta a canza mata kwas, a cafke duk abin da ya rage. Wannan gaggawa ta fi tsaurin makin shiga kansa cutar da ɗaliba, domin a cikin kwana biyu ake yanke abin da za ta shekara huɗu tana karantawa. Kwas na biyu shawara ce da ya kamata a zauna a yi ta tun ranar cike fom, da natsuwar da aka zaɓi na farko.

Sai an fahimci inda tsaurin ya samo asali kafin a daina zargin yaro. A 2025 ɗalibai kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba, kuma mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka amince da shi 150 ne. Ashe mai 250 yana cikin 'yan tsirarun da suka yi fice. Abin da ya tare shi ƙarancin gurbi ne. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban likitancin da za ta horar, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta, kamar yadda majalisar koyar da aikin lauya ke yi wa sashen shari'a. Dubbai su nemi Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero, guraben kuwa ba su wuce ɗaruruwa kaɗan ba. A jami'o'in tarayya ma ana raba su ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimi. Don haka makin shiga sashen yana hawa ne gwargwadon cunkoson masu nema.

Tunda haka ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Darussa huɗun da mai neman likitanci ke rubutawa, wato Turanci da ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fiziks, su ne ke buɗe ƙofar aikin gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton ƙashi, gashin ƙashi da likitancin dabbobi. Amma a lura, aikin jinya da haɗa magunguna su ma sun cika maƙil, wanda ya sa su a madadi bai tsira daga cunkoson ba. Madadi na gaskiya shi ne kwas ɗin da makin ɗalibi zai kai, kuma zai iya rayuwa da shi har ƙarshe. Masu karɓar kowane kwas da niyyar tsallakawa likitanci a aji biyu su sani cewa ƙayyade gurbin nan yana nan yana jiransu, kaɗan ne ke samun wucewa.

Wasu za su ce wannan karya gwiwar yara ne, alhali arewa na kukan ƙarancin likitoci, musamman mata. Kukan gaskiya ne. Wanda maki kaɗan ya hana shi yana da hujjar sake gwadawa sau ɗaya, ko ya bi ta shirin share fage na IJMB ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Sai dai sakamakon JAMB shekara guda yake aiki, kuma zama a gida shekara uku ana sake jarrabawa bai ƙara wa ƙasa likita ko ɗaya ba. Asibitin da ke neman likita yana neman mai auna jini, makiyayi kuma yana neman mai duba masa garke.

Wasu kuma za su ce sauran kwasa-kwasan ba sa kai ga aikin yi, kuma ɗan mai hanya ba ya bukatar madadi. Rashin aiki da alfarma matsaloli ne da dole a ci gaba da matsa wa hukumomi a kansu, tare da neman a faɗaɗa asibitocin koyarwa, jami'o'i kuma su riƙa bayyana makin da suka tsaya a kai bara a kowane sashe. Amma ɗan talaka shi ya fi kowa bukatar shiri, domin ba shi da wanda zai kira. Kuma wanda ya zaɓi fanni da saninsa ya fi wanda aka jefa cikinsa damar ƙwarewa a kai.

Nauyin yana kan iyaye da malaman sakandare. Kafin a biya kuɗin fom, a tambayi yaro abin da zai so ya karanta idan na farko bai samu ba, a saurari amsarsa, a rubuta ta.